Wutar da Ba a Bar wa Ƙofa Ba

Ranar Talata ce, ƙarshen rani. Babu gajimare ko ɗaya a sama, iska kuma ta kwanta tun la'asar.

Dogo makiyayi na zaune a tsakar gida yana wasa lauje. Matarsa na hura wuta. 'Yarsu Auta, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci, tana kwashe shanya. Rana na gab da faɗuwa sai wani abu ya daki kwanon ɗaki. Sai na biyu. Na uku a gabansa ya faɗi. Ya ɗauka. Hoge ne baƙi, da ƙonanniyar saiwar ciyawa a jikinsa, kuma da ɗuminsa.

Gidan shi kaɗai ne a bakin makiyaya. Ya leƙa waje, bai ga kowa ba sai shanunsa takwas, duk sun daina tuƙa, sun juya suna kallon wuri ɗaya.

"Maigida, wa ka taɓa?" in ji matar.

"Ba kowa."

"To 'ya'yan wa ke jifanmu?"

"Ci gaba da girkinki."

Amma ya san inda shanun ke kallo. Kwana uku kafin nan ya sa wa filin kiwon wuta. Duk makiyayi yana yi: a ƙone tsohuwar gamba don ta yi toho, shanu su sami ɗanye kafin saukar ruwa. Sai dai wanda ya iya aikin daga gefe ɗaya yake kunnawa, ya bar ƙofa, zomo da fakara da maciji da abin da ido ba ya gani su sami wurin fita. Haka ubansa ya koya masa. Ran nan iska na ta juyawa, ya ji tsoron kada wuta ta kai ga dammunan ciyawar da ya tara. Sai ya zagaye filin da ita, ta haɗu a tsakiya ta cinye kanta. Har ya yaba wa kansa dabara.

Kashegari da magariba jifa ya dawo, tare da tari. Tarin mutane da yawa ne a bayan katanga, na manya da na ƙanana. Dogo ya zagaya gidan sau biyu da sanda a hannu. Babu ko sawu.

A rana ta uku Auta ta ajiye tulu, ta fara bin katanga da gudu. Ta zagaya, ta zagaya. Ƙofar gida a buɗe take, amma da ta iso sai ta ja da baya tana kare fuska da hannu.

"Ba hanya," take cewa. "Nan ma ba hanya."

Ya riƙe ta. Jikinta kamar garwashi, numfashinta na warin hayaƙi. Aka kai ta asibiti, aka auna, aka ce ba a ga komai ba. Aka dawo da ita. Kwana shida ba ci ba barci, in ta sha ruwa sai ta ce toka ce. Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai ya zauna a bakin ƙofa yana kallon 'yarsa na ƙarewa, hannuwansa a kan gwiwa.

Malamin da aka kira tsoho ne, ɗan ƙanƙani, da butarsa a hannu. Bayan la'asar ya iso. Ya zauna daga wajen kan Auta ya fara karatu, ba ya ɗaga murya. Inuwa ta cika tsakar gida. Kaji suka shige akurki ba wanda ya kora su. Can sai Auta ta tashi zaune, ta yi magana da muryar tsohuwa, a dashe.

"Ya isa, Malam. Ina ji."

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Tambayi dogon can. A cikin gambar nan kakan kakansa ya same mu. Kowace shekara ana ƙonawa, ba mu taɓa cewa uffan ba. Mu kwashi 'ya'yanmu mu bi ƙofa, in ta yi toho mu dawo. Bana ina ƙofar?" Ta yi tari mai tsawo. "Mu goma sha ɗaya ne. Mu huɗu muka fita."

Matar Dogo ta toshe baki da mayafi.

"Allah ya ba ku haƙuri," in ji Malam. "Amma ba ita ta kunna ba. Zalunci haramun ne a kanku kamar yadda yake a kanmu."

"Mun sani. Ina za mu? Fili ya zama tafin hannu. A jikinta akwai inuwa."

Dogo ya durƙusa. "Baiwar Allah, ɗauki saniya. Ɗauke su duka. Ko ki dawo jikina, ni na yi laifin."

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. "Tatsa zan yi? Kai kuwa busasshen kara ne, wa zai fake a jikinka?"

Aka shiga ciniki. Ta ce ba za su saki yarinyar ba sai gamba ta ɓoye mutum a tsaye. Malam ya ce wannan sai kaka, yarinyar ba za ta kai ba. Ta ce to iya gwiwa. Ya ci gaba da karatu har ta yi ƙara. A ƙarshe ta yarda za su jira a wani tsohon suri har wata ya tsaya, kwana goma sha tara ke nan. Kafin nan ciyawa ta kai yadda zomo zai kwanta ba a gan shi ba, kuma kada bakin saniya ya taɓa ta.

"In wata ya tsaya muna fili," ta ce, "mun san hanyar gidan nan. Shi yana da ƙofa."

Auta ta yi atishawa uku ta zube. Da ta buɗe ido, muryarta ce.

"Baba, ƙishirwa."

"Ga ruwa, Uwata. Sha a hankali."

Dogo ya raka Malam bakin hanya. Sai da suka yi nisa ya ce, "Malam, da ka ƙone ta da karatu mun huta."

Tsohon ya tsaya ya dube shi. "Wuta kuma? Ba ta ishe ka ba?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Wutar zobe zafi gare ta, har saiwa take ci. In ba ruwan sama, ban ga toho ba."

Malam ya ɗaga kai ya dubi sama. Wayam. "Wannan ba a hannuna yake ba," ya ce, ya wuce.

Da gari ya waye Dogo ya ɗaure shanun a turke, ya zuba musu ciyawar da ta rage, suna ta kuka. Ya cika jarka biyu a rijiya, ya rataya a sanda, ya nufi filin. Baƙi ƙirin, iya ganin ido. Ya durƙusa a gindin gamba na farko ya zuba. Kafin ya miƙe ƙasa ta shanye. Ya matsa zuwa na biyu.