Makaranta Ta Biyar

A ɗakin karatu na jama'a suka fara haɗuwa, kusa da tagar da ba ta rufuwa. Auta, 'yar wani mai shagon magani, ta baza takardun makarantun kasuwanci goma sha ɗaya a kan tebur ta rafka tagumi. Burinta ta zama mai ba kamfanoni shawarar zuba jari, amma ta rasa wacce za ta nema.

Wani dogon saurayi, ma'aikacin banki, ya zo neman wurin zama.

"Baiwar Allah, duk waɗannan ke kaɗai za ki shiga?"

Ta harare shi, sai kuma dariya ta ƙwace mata.

Shi ma digiri na biyu yake nema. Ya ce ta daina kallon hoton gini, ta duba inda ɗaliban da suka gama suke aiki, da wacce ke ba da tallafin karatu. Kafin a rufe ɗakin sun rage su zuwa biyar. Kafin wata biyu kuwa, Dogo take kiransa, shi yana ce mata Tauraruwa.

"Tauraruwa, na karanta wasiƙar neman gurbinki," ya rubuto mata wata safiya. "Kuskure biyu na gani. Na uku nawa ne, da ban san ki tun bara ba."

"Gyara biyun. Na ukun na yafe."

Makaranta ta biyar ɗin ta fi sauran suna a harkar kuɗi, sai dai tafiyar wuni guda ce daga makarantar da ta ɗauki Dogo. Ba ta gaya wa kowa ba, ta ja layi ta soke ta a takardar da ta jera sunayensu.

Babanta ya ga takardar. Ranar da Dogo ya zo gaishe shi da maganar aure, ya miƙa masa ita.

"Tun ba a je ko'ina ba ka fara rage mata hanya? Ban yarda ba."

Dogo ya daɗe yana kallon layin, ya yi sallama ya fita.

Kwana biyu ba kira, ba saƙo. Yayarta kuma ta ce ta gan shi cikin mota da wata mata mai tabarau, suna ta dariya. Auta ta kasa cin abinci.

Rana ta uku saƙo ya shigo: "Tauraruwa, ina ƙofar gida. Ki fito da takardunki."

Ta fito fuska a ɗaure. Matar na zaune a mota. Ashe shugabarsa ce a banki, a makaranta ta biyar ta yi karatu, ya roƙe ta ta duba takardun Auta, don saura kwana huɗu a rufe karɓa.

"Me ya sa kika ɓoye min?" ya tambaya a hankali.

"Nisan nake tsoro."

"Ni kuwa ranar da za ki kalle ni ki tuna abin da kika bari saboda ni nake tsoro. Ki nema. In sun ɗauke ki, hanya tawa ce duk ƙarshen mako."

Daga bayan labulen falo aka ji Baba ya yi gyaran murya.

Bayan mako shida amsa ta zo: sun ɗauke ta, har da tallafi. Baba ya karanta sau biyu, ya goge ido, ya ce ƙura ce.

"Kira min Dogon nan naki."

An ɗaura auren saura mako uku a fara karatu. Da za su tafi, Baba ya riƙe hannuwansu.

"Ɗana, na yi maka gurguwar fahimta. Ga ta nan, amana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ilimi mai amfani, ya sa ku tsufa tare."

Auta ta sunkuyar da kai tana murmushi. Dogo ya amsa da amin har sau uku.