Masu Haya a Faranti

Gab da magariba na koma ɗakin gwaje-gwaje don canza wa ƙwayoyin ƙoda ruwan da suke sha. Aikina gwada maganin da zai rage girman 'yan jakunkunan ruwan da ke tsiro a ƙoda har su kashe ta. A gidanmu ciwon gado ne. Ya ci Baba, ya kwantar da Yaya a injin wankin ƙoda. Ni kaɗai hoto ya nuna lafiya lau, don haka aka sa ranar da zan ba Yaya tawa guda.

"Ka bar shan lemon kwalba, Auta," yakan ce. "Kayana kake ɓatawa."

Ɗakin ba kowa. Firij na gurnani, warin sinadarin goge tebur na hawa hanci. Na ciro farantin da ƙwayoyin ke ciki daga akwatin ɗumi, na ɗora a madubin ƙara girma. Sabon maganin ya yi aiki. Jakunkunan duk sun motse, saura babba guda da ƙanana biyu jingine da ita, kamar uwa da 'ya'ya.

Na ɗebo ɗigon maganin na ƙarshe.

Firij ya yi shiru.

Bayana aka ja kujera, a hankali, irin jan mai ladabi.

"Ɗan nan," aka ce ƙasa-ƙasa, "tun kakanninku muke zaune da ku. Yanzu ina za mu?"

Ɗigon ya kuɓuce mini, ya faɗa cikin farantin. A madubi na ga ukun sun ɓace.

Wani abu mai sanyi ya dafa kwiɓina na hagu, ya ɗan latsa, yadda ake duba katifa kafin a kwanta.

"Nan ma ba laifi."

Ban tsaya kashe fitila ba.

A hoton ƙarshe da aka yi mini kafin aikin dashen ƙodar, likita ta daɗe tana kallon allo. Ta ce ciwon kan makara wajen bayyana, kuma haka littafi ya ce. Na leƙa. Babba guda, ƙanana biyu jingine da ita.

An fasa dashen. Da na gaya wa Yaya, injin na ta juya jininsa, ya dube ni ya ce, "To, ka ci gaba da shan lemonka."

Shugabanmu a ɗakin gwaje-gwaje yana so a gwada maganin a sauran farantan. Na ce sai an ƙara nazari. Masu hayar sauran farantan ma za su nemi masauki, kuma Yaya yana da yara.