Gurasar Da Aka Mayar

Usta Ergash, wato gwani Ergash mai gasa gurasa, mahaifin Mohira, ya riga ya ɗora hannu a kan gurasar lokacin da Davron ya turo ƙofar falon, ba ko sallama.

Mohira na bayan labule da butar shayi a hannu. Yau ce ranar karya gurasarta. Mahaifiyar Sanjar da baffansa Mirza sun zo da ƙunshin gurasa da alawa, kuma da zarar Baba ya raba gurasar nan gida biyu a gaban shaidu, magana ta ƙare, ta zama ta Sanjar, sai jiran biki.

"Kawu, dakata tukuna," in ji Davron.

Ɗan Goggo Matluba ne, ƙanwar Baba. Motoci yake sayarwa, kuma shekara biyu ke nan uwarsa na safa da marwa a gidan nan tana nema masa Mohira.

Ya shimfiɗa wata takarda a kan teburin, dab da gurasar.

"Na kai kokenmu ofishin tsara hanyoyi, sai na ce bari in ga wane gwani ne ya zana mana bala'in da ke ƙofar gida. Karanta sunan da ke ƙasa, Kawu."

Mohira ta leƙo ta tsagar labule.

Wata biyar da suka wuce aka ware wa masu keke hanyarsu a titin unguwar, aka jera tubalan kankare masu tsayin ƙwauri tun daga masallaci har kasuwa, don kada mota ta shiga. An bar mashiga a kowace mahaɗa. A ƙofar gidajen da ba su da mota kuwa, ba a bar ko taki ɗaya ba. Baba bai damu da masu motar da suka rasa wurin tsayawa sayen gurasa ba, mai son gurasar Usta Ergash ko a ƙafa zai zo. Abin da ya tsaya masa a maƙogwaro daban ne. Ranar da Kaka Tursunoy ta rasu, aka fito da makara a kafaɗun maza, sai ga shinge a gabansu. Na gaba suka ɗaga ƙafa suka tsallaka, na baya suka yi tuntuɓe, makarar ta karkace har Baba ya ji gawar mahaifiyarsa ta zame ta bugi katako. Tun daga ranar bai ƙara kallon kankaren nan ba tare da ya yi tsaki ba.

Baba ya ɗauki tabarau ya karanta. Ya sake karantawa, sunan Sanjar ne.

"Kun ce mini injiniya ne," ya ce da Baffa Mirza. "Ba ku ce mini injiniyan me ba."

"Usta, yaro ne, aikin da aka ba shi..."

"Mohira," Baba ya kira.

Ta fito da butar a hannu.

"Kin sani?"

"Baba, ni dai..."

"Kin sani, ko ba ki sani ba?"

"Na sani."

Baba ya kama gefen ƙyallen huɗu da hannunsa, ya ɗaure gurasar yadda aka kawo ta, ya tura ƙunshin gaban mahaifiyar Sanjar. Baiwar Allah ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan gyalenta.

"Ku gaya wa ɗanku," in ji Baba, "Davron na tara sa hannu a tumɓuke shingen nan gaba ɗaya. In wanda ya zana ya rubuta da hannunsa cewa aikin banza ya yi, ofis ba su da ta cewa. Ranar da ya sa hannu, ku dawo da gurasarku."

Davron ya naɗe takardarsa yana wani sunne kai, wai shi mai ladabi. Munafunci dai dodo ne.

Washegari Mohira ta sami Sanjar a bakin kasuwa, bayan ta sauke wa masu rumfa gurasar safe. Shi ma da kekensa, idanunsa jajir.

"Yaya Sanjar, ka sa hannun nan."

"Mohira..."

"Layi ɗaya ne fa. Sunanka kawai."

"Na yi kuskure, ban musa ba. A bene na taso, hawa na tara. Ko maƙwabcinmu ya mutu sai dai mu ga mota ta zo ta ɗauka. Na tambayi faɗin motar shara, na tambayi na motar kashe gobara, bai taɓa zo mini a rai in tambayi ta ina gawa ke fita ba. Tun ranar da kika ba ni labarin Kaka na rubuta a buɗe mashiga a kowace ƙofa. Shekaranjiya aka amince."

"Baba ba mashiga yake so ba."

"Na sani."

"To ka sa hannu mana!"

Ya daɗe yana kallon kwandon da ke ɗaure a bayan kekenta.

"Kin tuna inda na fara ganinki? Sati uku ina tsaye a mahaɗar masallaci ina ƙirga masu keke. Kullum ƙarfe shida da kwata sai ki ɓullo, gurasa tamanin a bayanki, bas na huci a ƙeyarki. Ran nan madubin wata mota ya fizge miki ɗankwali, kika tsaya kika ɗaura, kika ci gaba kamar ba komai. Ni ne na kasa cin abinci a ranar."

"Kada ka yi mini daɗin baki."

"Ba daɗin baki ba ne, rayuwata. In na sa hannu, jibi ke za ki koma gaban bas ɗin. Ke da tsohon nan mai kai madara, da 'yan matan makarantar ɗinki."

"Wato ka zaɓi kankare a kaina."

"A'a. Ba zan iya ba ne kawai."

Ta ji haushinsa har cikin ƙashinta, kuma abin takaicin, ba ta taɓa sonsa kamar a wannan lokacin ba. Ta hau kekenta ta tafi tana kuka, a cikin hanyar da ya zana, don babu wata.

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Goggo Matluba ta je sayen ganye, wai idonta ne ya gane mata.

"A tsakiyar kasuwa, Yaya! Kai da kai kamar tattabaru. Ai keken nan ne ya buɗe mata ido. Da a gidan Davron take, ƙafarta ma ba za ta taɓa ƙasa ba."

Inna ta ce, "Matluba, shayinki na hucewa."

Baba bai ɗaga murya ba, kuma sanyin muryarsa ya fi faɗansa ban tsoro.

"Daga gobe kin bar hawa keke."

"Wa zai kai gurasa, Baba?"

"Wanda yake kaiwa kafin a haife ki."

"Gwiwarka fa? Shekara goma rabonka da..."

"Na gama magana."

Gari na wayewa ya fito da kekensa na da, baƙi mai nauyi kamar jaki, ya ɗaure kwandon gurasa mai zafi a baya ya lulluɓe da bargo. Mohira ta riƙe masa ƙyaure. Suna leƙawa waje sai ga Sanjar durƙushe a bakin shingen da igiyar awo, ma'aikata biyu na jiransa da ƙarafan ɓanɓara.

Ya miƙe da sauri, hannu a ƙirji.

"Assalamu alaikum, Usta."

Baba ya amsa sallamar, don ba a ƙin amsa sallama. Ya dubi alamar allin da aka ja a ƙasa.

"Wannan me ye?"

"Mashiga ce. Daidai faɗin ƙofarku."

"Ɗan bene ke nan. Makara in ta fito miƙewa take yi ta tsallaka titi? Juyawa take yi ta nufi masallaci, da maza a kowane gefe. Ka taɓa sa kafaɗa a ƙarƙashin makara?"

"Sau ɗaya. Ta mahaifina."

Baba ya kau da kai, ya ɗaga keken da kwandonsa da komai, ya tsallaka da shi shingen zuwa cikin titin motoci.

"Baba, ga hanya nan!" in ji Mohira.

"Ba na bin hanyarsa."

"Don Allah, Baba..."

Ya hau. Keken ya yi tangaɗi, ya daidaita, ya tafi.

Titin da Baba ya sani ba shi ne wannan ba. A zamaninsa sai ka ƙirga motocin da za su wuce ka kafin kasuwa. Yanzu kuwa kamar an buɗe garke, farare ƙal, kowa na sauri. Mohira ta kwaɓe silifas ta bi shi da gudu ta cikin hanyar keke, shingen na tsakaninsu. Tana ganin yadda kafaɗunsa ke ƙanƙancewa duk lokacin da aka danna masa oda. Tana jin Sanjar na biye da ita.

Wata motar kaya ce ta matse shi. Ba ta ma taɓa shi sosai ba, gefen kwandon kawai ta shafa.

Baba ya tafi ta gefe ɗaya, keken ta wani gefen. Bargon ya buɗe, gurasa tamanin suka watse a kan kwalta suna gangarawa, wasu suka kife a kan fuskarsu.

Mohira ta tsallaka ta faɗa kansa.

"Baba! Baba, yi magana..."

Hannunsa na dama ya lanƙwashe yadda hannu ba ya lanƙwashewa. Amma ba hannun yake kallo ba.

"Gurasar..." ya ce. "Za su taka..."

Mutumin da ko ɓarɓashi ya gani a ƙasa sai ya tsince ya sumbata ya kai goshi, yau ga aikin hannunsa a ƙarƙashin tayoyi.

Sanjar ya shiga tsakiyar titi. Ya ware hannuwa biyu a gaban bas, direban ya taka burki har fasinjoji suka yi gaba. Aka hau zaginsa ta taga, bai ko waiwaya ba. Ya cire rigarsa ta sama ya shimfiɗa a kan shingen, ya shiga tsince gurasar ɗaya bayan ɗaya, yana birkito kowace fuskarta sama, yana hure ƙurar. Direban bas ɗin da ya ga abin da ke ƙasa sai zagin ya maƙale masa, ya sauko yana tayawa. Wata tsohuwa ta buɗe jakarta. Masu keke suka jingine kekunansu suka shigo.

Sai ga oda daga baya, wata farar mota na kutsowa ta gefen layin. Davron ne, zai tafi shagonsa. Ya matso har dab da inda Baba ke kwance, ya buɗe ƙofa.

"Kawu! Shigo in kai ka asibiti. Ka gani ko? Shingen nan ne ya matse titin, wallahi yau sai sun..."

Ya lura ba fuskarsa Baba ke kallo ba. Ya bi idon da kallo. Tayarsa ta gaba na kan gurasa biyu, ta baya ta riga ta niƙe uku.

"Ai... sauri nake in cece ka, Kawu."

"Ja motarka baya," in ji Baba. "A hankali."

Da tasi aka kai shi asibiti. Sanjar ne ya ɗaga shi, Baba bai ce masa ci kanka ba har aka isa, haka ma da aka dawo.

Kwana tara hannun na cikin filasta, rataye a wuya. Kwana tara Baba na zaune a ƙofar gida yana kallon ma'aikata na ɓanɓare tubalai, mashigar ta ninka alamar allin farko sau biyu. Ba mai iya manna ƙullu a tanderu da hannu ɗaya, sai wani abokin sana'arsa ke turo musu gurasa, Mohira kuma ta koma kan kekenta ba tare da kowa ya ce mata hau ko sauka ba. Duk safiya tana jin idonsa a bayanta har ta sha kwana. Sunan Sanjar kuwa ko da wasa bai fito daga bakinsa ba, ita kuma ta rame har Inna ta fara yi mata faɗan abinci.

Ran na goma, yana shan shayi, ya ce da Inna, "Mutanen nan sun cinye gurasar tasu ne?"

Inna ta saki cokali ta nufi waya.

Bayan la'asar suka zo, mahaifiyar Sanjar da Baffa Mirza, da sabon ƙunshi. Goggo Matluba ta aiko cewa kanta na ciwo. Mohira ta koma bayan labulenta, wannan karon ta ajiye butar, don ta san za ta iya ɓarar da ita.

Aka kwance ƙyallen. Aka yi addu'a aka shafa.

"Ya sa hannu a takardar?" in ji Baba.

Baffa Mirza ya ce, "Bai sa ba, Usta. Ya ce a ba ka haƙuri, ba zai sa ba."



"Taurin kai kamar na wani da na sani," in ji Inna ƙasa-ƙasa.

Baba ya harare ta. Ya miƙa hannun hagu ya ɗauki gurasar, ya danna ta da babban yatsa, ta lanƙwashe ta ƙi karyewa. Ya jingina ta da gefen teburi, ta zame. Baffa Mirza ya yunƙura zai taimaka.

"Zauna, Mirza. Yana ina?"

"A waje, wajen kekensa. Ka san ango ba ya shiga wannan zaman."

"A gidana nake. Kira shi."

Sanjar ya shigo a sunkuye, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ta tsagar labule Mohira ta ga shi ma wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Matso," in ji Baba. "Na yafe maka ta uwata, don ba da gangan ka yi ba, kuma ka gyara. 'Yata kuwa, da ka sa hannun nan, da ban ba ka ita ba."

Ya miƙa masa gefen gurasar.

"Hannu ɗaya gare ni. Kama nan, ka ja."

Sanjar ya kama. Suka ja tare, gurasar ta rabe biyu, riɗin kanta ya zube a kan teburi.

Mohira ta zauna a ƙasa inda take, ta toshe baki da labulen tana kuka.

"Wai shayin nan," in ji Baba, "sai gobe za a kawo shi?"