Shinkafa Mai Tsingaro

Ranar Litinin da safe, Insfekta Manniru bai ko kai kofin shayi baki ba waya ta shigo daga Idu, unguwar masana'antu ta Abuja. An tsinci gawa a wani ofis da ke saman sito. Da aka faɗa masa sunan ofishin sai ya ajiye kofin. Ƙungiyar Adashen Tsofaffin Ma'aikata ce, kuma duk abin da mahaifiyarsa Hajiya Hansatu ta tara a shekarunta na buga tafireta yana hannunsu.

Mamacin shi ne Abdulmajeed, mai ba ƙungiyar shawara a kan hannun jari. Yana kwance kusa da tebur, ƙeyarsa ta bugu da kusurwar akwatin ƙarfe. Likita ya ce tun jiya Lahadi da rana abin ya faru. Wayarsa tana aljihu, agogonsa yana hannu, kwamfutarsa tana kan tebur. Ɓarawon da zai bar waɗannan ba a haife shi a Abuja ba tukuna.

Abin da ya tsaya wa Insfekta a rai shi ne daɓen ofishin. Ko'ina ƙura ce, amma gefen tebur an share shi tas. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya tsinto 'yan ƙwayoyin ɗanyar shinkafa. A kan tebur kuma ga shatin jar ƙasa guda uku, kamar an ɗora wani abu mai zagayayyen gindi an ɗauke.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Zakariyya, tsohon darakta ne, fari siriri, da carbi a hannu. Yana tsaye a bakin ƙofa idonsa ya yi ja.

"Manniru ɗan Hajiya Hansatu, kai aka turo? Ka ga abin da ya same mu."

"Allah ya jiƙansa, Baba. Me ya kawo shi ofis ranar Lahadi?"

"Shirin babban taronmu na Laraba. Membobi za su kaɗa ƙuri'a a kan sayen hannun jarin kamfanin mai na Tauraron Kudu."

"Yana goyon bayan sayen?"

"Ɗari bisa ɗari. Wa zai ƙi? Kuɗin shigar kamfanin ya ninka sau huɗu cikin shekara goma."

"Kai fa Baba, ina kake jiya?"

"Ina Kuje, ta'aziyya. Sai bayan magariba na dawo."

"Ana ajiye shinkafa a ofishin nan?"

Carbin ya tsaya cak, sannan ya ci gaba da tafiya. "Shinkafa kuma? Nan ai ba kanti ba ne."

Daga nan Insfekta ya wuce gidan mamacin a Kubwa. Matarsa Rekiya tana zaune a kan tabarma cikin mata, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ya yi gaisuwa, ya jira aka ba su wuri, sannan ya buɗe tafin hannunsa ya nuna mata ƙwayoyin.

Tana ganinsu ta sake fashewa da kuka. "Na gidan nan ne. Ni na auna masa da hannuna."

"Ta mece ce?"

"Na tukwane. Ranar Asabar ya je har Ushafa ya sayo tukwane uku iri ɗaya. Ya ce tsofaffin nan in ka nuna musu lissafi a allo barci suke yi, amma babu wanda bai san mudu ba."

"Wane lissafi?"

Ta goge ido. "Ni na riga na haddace shi, don kullum a kaina yake gwadawa. Ya ce kar ka kalli kuɗin da kamfani ya samu a dunƙule. Ka raba shi a kan yawan hannun jarin, ka ga abin da ya faɗo wa kowane ɗaya. Kuma kar ka duba shekara ɗaya, don farashin mai hawa da sauka yake yi. Ka duba shekaru da yawa. Sannan ka tambaya, kuɗin nan me zai saya a kasuwar wannan shekarar?"

"Shinkafar fa?"

"Tukunya ta farko, shinkafar da rabon hannun jari ɗari zai saya shekara goma da suka wuce. Ta cika fal. Ta biyu, shekara biyar, ta ɗan wuce rabi. Ta uku, bana." Ta nuna gaɓar yatsanta. "Da kyar ta rufe gindin tukunya."

"Amma an ce kuɗin kamfanin ya ninka sau huɗu."

"A naira. Oga, albashinka bai ƙaru ba a shekara goma? To buhu nawa kake kaiwa gida yanzu?"

Insfekta ya yi lissafi a ransa. Albashinsa ya ƙaru a takarda, amma rabon da ya sayi buhu guda cur har ya manta. Mudu-mudu ake yi, kamar kowa.

"Ke nan bai goyi bayan sayen ba?"

"Goyon baya? Cewa ya yi ko da rabin farashin aka ba su, tsada ne. Ya ce zai faɗa ranar Laraba ko za a kore shi."

Yana fita wayarsa ta yi ƙara. Hajiya Hansatu ce. Ta yi addu'a ga mamacin, ta share hawaye, sannan ta sassauta murya.

"Manniru, taron dai ba za a fasa ba ko? Alhaji ya ce in aka sayi abin nan, baɗi war haka na biya kuɗin aikin idona, har in kai ƙanwarka Umara."

"Hajiya, kar ki ɗaga hannu ranar Laraba. Ki bari sai mun yi magana."

"Kai da aikinka kama ɓarayi, me ka sani a harkar mai?"

Ta kashe. Ya shiga mota. Duk da haka ya ɗan ji sanyi a ransa, tunda dai ba a kaɗa ƙuri'a ba tukuna. Yana ganin in ya yi sauri, kuɗin tsofaffin zai tsira.

Dillalin da ke tallan hannun jarin sunansa Andrew, ofishinsa yana Wuse, sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa. Mutum ne mai yawan murmushi, irin murmushin da ake sakawa kamar kwat.

"Ka san Abdulmajeed?"

"Sama-sama, oga. Ba mu taɓa wata doguwar magana ba."

"Wayarsa ta nuna kun yi doguwar magana ranar Juma'a."

Murmushin ya ragu. "To, ya kira ni. Yana ta faɗa a kan lissafinsa."

"Lissafin ƙarya ne?"

Andrew ya kalli silin. "Ba zan ce ƙarya ba ne. Kamfanin ya ƙara buga sababbin hannun jari sau biyu, so masu cin tuwon sun ƙaru. In ka cire tsadar kaya kuma, to, rabon kowa ya ragu sosai. Amma duk yana cikin rahoton da suka wallafa. Ni ban ɓoye komai ba. Wanda ya tambaya zan faɗa masa."

"Wa ya tambaya?"

"Babu."

"Ina kake jiya da rana?"

"Coci, bikin godiya na girbi. Ni na riƙe makirufo tun safe har yamma, akwai bidiyo."

"In taron Laraba ya ƙi amincewa, ka rasa la'adarka. Wannan dalili ne babba."

Andrew ya yi dariya, ta farko ta gaskiya. "Oga, wace la'ada zan rasa? Na karɓa tun watan jiya. An riga an saya."

"An saya me?"

"Hannun jarin. Duka kuɗin ƙungiyar. Alhaji Zakariyya ya sa hannu, ya ce farashi yana gudu, taro zai amince daga baya. Abin da na faɗa wa Abdulmajeed ke nan ranar Juma'a. Ashe bai sani ba."

Insfekta ya jingina da kujera. Tun safe yake tsere don ya tare abin da ya riga ya wuce tun watan jiya.

"Za a iya mayarwa?"

"Sayarwa dai. Amma farashin ya riga ya zube kashi ɗaya cikin uku, kuma in ka zuba wannan yawan a kasuwa lokaci ɗaya, sai ya ƙara faɗuwa. Ciniki ne halal, oga. Babu kotun da za ta warware shi."

Yanzu Insfekta ya san wanda ya yi ƙarya, ya kuma san dalili. Amma sani daban, hujja daban. Babu tukwane, babu shaida, mai gadin siton kuma ba ya zuwa ranar Lahadi. Ya koma Idu da azahar, ya sa aka zazzage bolar da ke bayan gini. Aka samu fasassun tukwane a cikin leda. Shinkafa ko ƙwaya babu.

Yunwa ta kai shi rumfar wata mai abinci a bakin titi, Mama Naomi, dattijuwar Gbagyi da ke ciyar da leburorin sito. Ya tarar da ita ta baje shinkafa a faranti tana tsince wani abu tana mita.

"Mama, tsakuwa ce?"

"Ina ma tsakuwa ne, ɗana. Tsingaro ne. Tun jiya nake tsincewa. Wani lebura ya kusa karya haƙori."

"A ina kika saye ta?"

"Ba saya na yi ba. Sadaka ne. Alhajin sama ya kawo mini jiya bayan azahar, ina wanke tukwane. Ya ce in dafa wa mabuƙata. Mutumin kirki."

"Wane Alhaji?"

"Shugaban 'yan fansho mana. Mai carbi."

Insfekta ya ɗauki ɗan jan tsingaro ɗaya daga farantin, ya juya shi a hannu. Bai ji daɗin da ɗan sanda kan ji ba idan ya kamo bakin zare. Abincin ma bai ci ba.

Ya samu Alhaji Zakariyya a ofis shi kaɗai, yana jera kujerun taro. Ya ajiye tsingaron a kan tebur, a tsakiyar shatin jar ƙasa.

"Baba, na aika Kuje. Sun ce da hantsi ka bar wurin ta'aziyya. Mama Naomi kuma tana gaishe ka."

Tsohon ya dubi tsingaron. Sannan ya zauna a ɗaya daga cikin kujerun da ya jera.

"Na zubar da tukwanen," ya ce a hankali. "Na ɗauki ledar shinkafar har bakin bola. Hannuna ya ƙi. Mu yadda aka rene mu, ko ƙwaya ɗaya ta faɗi sai ka tsince ta. Ta yaya zan zuba abinci a shara?"

"Amma ka bar mutum a kwance."

Alhaji ya rufe fuska da babbar riga, kafaɗunsa suna rawa. "Wallahi ban zo don in taɓa shi ba. Roƙonsa na zo yi. Na ce ya ba ni wata shida, farashi zai tashi. Sai ya jera mini tukwanen nan. Manniru, shekara talatin ina ma'aikata ina karanta kasafi, ban taɓa ganin abin da idona ba sai a tukunya ta ukun nan. Na kai hannu in ture su, ya tare, na hankaɗe shi. Shi ke nan."

"Ka ci wani abu a cinikin?"

"Ko sisi. Har kuɗin gidana na zuba a ciki. Na ga naira tana narkewa a hannun mutanena, na ce bari in kai su inda ake ninkawa. Lambar na gani tana girma."

Abin haushin shi ne Insfekta ya yarda da shi. Da ɓarawo ne da an bi sawun kuɗin, an ƙwace gida ko mota, an rage wa tsofaffi asara. Wannan kuwa babu abin ƙwacewa. Mutum ɗaya da ya ga ramin yana kan makara, wanda ya jefa su ciki yana kuka, kuɗin kuma suna can inda doka ta ce daidai ne.

Bai sa masa ankwa ba. Ya riƙe hannunsa suka sauka matakala, kuratan 'yan sanda biyu suna biye. Mama Naomi ta miƙe daga rumfarta da faranti a hannu, ta bi motar da kallo.

Da la'asar ya je gidan Hajiya Hansatu. Ya same ta a tsakar gida ta kusantar da fuska ga tire tana tsince wake da lalube, don idon ya kusa tafiya. Labarin kamun ya riga shi isowa.

"Innalillahi, Alhaji Zakariyya! To Allah ya sa dai ba a kai ga sayen ba. Na ji maganarka, ba zan ɗaga hannu ba. Gobe ka kai ni in karɓo kuɗina, a yi aikin idon nan kawai, Umara ta jira."

Insfekta Manniru ya tsuguna a gabanta. Ya yi wa masu kisa tambayoyi bai taɓa jin bakinsa ya yi nauyi haka ba. Ya jawo tiren, ya fara taya ta tsincewa.

"Manniru, ba ka ce komai ba."

"Hajiya," ya ce, "bari mu gama waken tukuna."