Mataccen Maɓalli a Fiyanon Jibo

Ana saura kwana tara zaɓe, a shekarar da kowane bango a Maradi ya sha fentin jam'iyya, Hamidu mai gyaran rediyo ya ɗaure jakar kayan aikinsa a bayan ɗan babur ɗinsa, mobileti, ya kama hanyar Jiratawa. La'asar ta yi sakaliya. Ba da son ransa ya fito ba.

Da azahar Maman Lawali ya same shi a shagonsa na unguwar Zariya. Shi ne mai shirya miting na jam'iyyar da Hamidu ba ya yi, kuma kowa a unguwar ya san haka. Ko sallama bai yi ba.

"Fiyanon Jibo mawaƙinmu ya lalace, gobe muna da miting. Kai ka taɓa shi watan jiya."

"Waya kaɗai na sake mishi."

"Mun san halinku. Ka tahi ka gyara yau. In ba haka ba, samarinmu su zo su tambaye ka da kansu."

Hamidu ya san shagon wani tela da suka je tambaya a makon da ya wuce. Toka ce ta rage a wurin.

Ya isa Jiratawa rana na shirin faɗuwa. Kayan kiɗan suna cikin wata mangaza, ɗakin ajiya na siminti, a ƙarshen gonakin rani, gab da hanyar ruwa, nesa da gidaje. Iska ta cika da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da na ganyen albasa. Kwaɗi sun fara kuka.

Jibo yana tsugune a waje, ya ba ƙofar baya. Mutumin da ke cika fili da murya, yau ya rame, leɓɓansa sun bushe.

"Maɓalli guda ne ya mutu," in ji shi, bai ɗago kai ba. "Na tsakiya. In babu shi waƙar ba ta yiwuwa."

"Ruwa ya shiga?"

"A'a."

"To mi ya same shi?"

Jibo ya zana ƙasa da tsinke, ya ce, "Kiɗan a garin Tsibiri na ji shi. Masu bori ne ke goga shi a bakin gulbi, suna kiran nasu. Ya yi mini daɗi, na ɗauko na ɗora mishi baitocin zagin mutanenku. Wata tsohuwa ta tare ni ta ce in mayar wa masu abu abinsu. Na yi mata dariya." Ya tofar da yawu. "Shiga ka yi abin da ya kawo ka."

Hamidu ya shiga. Ƙwan fitila ɗaya ne ke reto daga rufi. Fiyanon yana kan wani tsohon tebur. Ya bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya amsa. Da ya zo kan na tsakiyar, shiru. Ya kife fiyanon, ya kwance ƙusoshin bayansa, ya ɗaga murfin. A aikinsa ya saba: ƙura ce kan taru a ƙarƙashin robar da maɓalli ke dannawa, a goge da auduga, shi ke nan.

Wannan ba ƙura ba ce. Laka ce baƙa, curi guda kamar ƙwallon goro, an cusa ta daidai ƙarƙashin maɓallin nan kaɗai. Sauran cikin fiyanon tsaf yake. Ƙusoshin da ya kwance kuwa da tsatsarsu, babu alamar wani ya taɓa su kafin shi.

Ya ƙwaƙulo lakar ya ajiye a gefen tebur. Danya ce. Da ɗumi kuma, kamar an fito da ita daga bakin wani.

Sai wari ya taso, irin na tsohon bunsuru.

Ya goge wurin da sauri, ya mayar da robar, ya juya fiyanon ya danna. Maɓallin ya yi kuka, siriri, mai tsawo. Ya ɗauke yatsa.

Kukan bai tsaya ba.

A daidai nan kuran, wutar lantarki, ya ɗauke. Ɗakin ya yi duhu, sai ɗan jan hasken magariba da ke shigowa ta ƙofa. Hamidu ya lalubi waya ya fizge ta daga bango. Ya shafa gidan batir. Wayam.

Kukan yana nan.

Kwaɗin waje sun yi tsit. Daga can cikin gari ladan ya ɗaga murya, amma kiran ya iso kamar daga ƙasan rijiya.

Maɓallin ya ɗago da kansa. Ya sake nutsewa. Na kusa da shi ya bi, sannan wani. A hankali kiɗa ya haɗu, amma ba da muryar fiyano ba. Goge ne. Har gurzar izga a kan tsirkiya yana ji.

Ya juya zai fita, sai ƙofar ƙarfen ta rufo, ƙarau! Ya ji an zura sakata daga waje.

"Jibo! Buɗe!"

"Ga shi nan!" Jibo ne ke ihu, kuma ba da Hamidu yake ba. "Shi ya buɗe! Ku kama shi, ku ƙyale ni!"

Sai takun gudu, yana nisa.

Yanzu Hamidu ya gane abin da ya sa aka kira shi.

Wani abu ya yi numfashi a bayan wuyansa. Zafi kamar bakin murhu.

"Mu muka toshe," aka raɗa masa. Murya ce ta tsufa, ba ta mace ba, ba ta namiji ba. "Wa ya ce ka buɗe?"

"Tilasta mini aka yi."

"Hannun wa?"

Hamidu ya runtse ido.

"Hannun wa?"

"Nawa."

Aka kama wuyan hannunsa na dama. Bai ga kowa ba, amma ya ji yatsu, dogaye, masu kaushi kamar bawon itace. Aka ja shi zuwa teburin. Aka tura manuninsa ƙarƙashin maɓallin, inda lakar take ɗazu.

Maɓallin ya danne.

Ƙashi ya yi ƙara.

"To kai za ka zama toshiyar."

Hamidu ya buɗe baki zai yi addu'a, harshe ya ƙi. Sanyi ya fara hawa daga yatsan, ya wuce gwiwar hannu, ya doshi kafaɗa. Hannunsa na hagu yana ta lalube a kan tebur. Auduga. Ƙusa. Wata ƙusar.

Lakar.

Ya damƙe ta, ya cusa ta a gefen yatsansa da duk ƙarfin da ya rage masa.

"Ga abinku! Na mayar!"

Gogen ya shaƙe, kamar an maƙure wuyan akuya.

Shiru.

Yatsan ya kuɓuce. Hamidu ya faɗa wa ƙofar da kafaɗa, sau ɗaya, sau biyu, a na uku sakatar ta ɓalle. Ya bar mobiletin, ya bar jakar. Ya keta gonar albasa yana faɗuwa yana tashi, bai waiwaya ba har ya ga fitilun masu fitowa daga masallaci.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a kwance, matarsa Zuliha tana ba shi rubutu yana sha. Ya tashi, amma yatsan bai sake lanƙwasawa ba, kuma ko cikin zafin bazara sanyi yake kamar randa. Aikin ƙananan wayoyin rediyo ya gagare shi, ya koma facin tayar keke a bakin hanya. An yi miting ɗin babu kiɗa. Fiyanon kuwa babu wanda ya yarda ya ɗauko shi.

Bayan shekara uku, lokacin da sojoji suka karɓi mulki aka daina miting ɗungurungum, ya ci karo da Jibo a tasha. Gashin kansa ya yi fari fat, ya toshe kunnuwa biyu da tsumma. Ya riƙo rigar Hamidu, ya matso da baki kusa da kunnensa.

"Kai ma suna goga maka da magariba?"

Hamidu ya zare rigarsa daga hannunsa.

"Ni na mayar da abin da na ɗauka," ya ce. "Kai hwa?"