Ƙararrawar da Shafqat Ya Rufe wa Baki

Magariba ta kawo jiki a birnin Multan na Pakistan, amma zafin yini bai bar bango ba. Kausar tana gasa gurasar roti a tsakar gida sai dutse ya faɗo cikin kaskon. Ta ɗaga kai, babu kowa a kan soro. Na biyu ya fasa tulu. Na uku ya sauka gaban mijinta Shafqat, da zafi kamar daga murhu aka ciro shi.

Shafqat ma'aikacin kamfanin waya ne, aikinsa zama gaban allo. In wuta ta ɗauke a wani ƙarfen sabis, ko na'ura ta ɗau zafi, ƙararrawa ta yi kuka, shi kuma ya tura mai gyara. Da kukan ya yi yawa, sai shi da abokan aikinsa suka koyi mugun hali: wadda ta cika damu, a danna mata "an gani", a ci gaba da shan shayi. Wannan cin amana ne, duk sunan da suka sa masa.

Jifa ya yi kwanaki, sannan 'yarsu Zunaira ta kwanta. Jikinta ya yi zafi rau, ba ci ba magana. Rana na faɗuwa sai ta miƙe ta tsaya gaban ubanta, ta saki wani siririn kuka, irin wanda ya sani a ofis.

"Kai dai zauna," in ji Kausar. "Sai ta mutu a hannuna za ka motsa?"

Aka ɗauko Hafiz Inayat, dattijon da ke ruƙiyya a unguwar. Ya dafa kan yarinyar, ya yi ta karatu a hankali har gidan ya yi tsit. Sai muryar babbar mace ta fito daga ƙaramin bakin, a fusace.

"Tambayi wancan mutumin labarin ƙarfen bayan maƙabarta!"

"Ke nake tambaya, baiwar Allah. Me yarinya ta yi miki?"

"Sun sare bishiyata suka kafa ƙarfe, ban tanka ba. Na kwantar da ɗana a akwatin na'urarsu don akwai sanyi. Mai gyara ya kulle da bismilla, na kasa buɗewa. Na'urar sanyi ta mutu. Ƙararrawar zafi ta wuni tana kuka. Wa ya rufe mata baki?"

"Hafiz sahib, ƙarfen nan kullum kukan ƙarya yake!" in ji Shafqat. "Ta yaya zan sani?"

"Rufe mana baki!" Kausar ta daka masa tsawa.

"Yadda nawa ya dahu, haka tasa za ta dahu," in ji muryar.

"Ba ki da haƙƙi a kanta," in ji Hafiz. "Wani ba ya ɗaukar laifin wani, ke ma kin sani. Fita, ko in ƙona ki da ayar Allah."

Sai muryar ta sassauta.

"Zan fita, amma ba hannu rabbana ba. A ba ni abin da ya yi laifin."

Hafiz ya ɗaga hannu zai tambayi abin da take nufi, amma Shafqat ya riga shi. Mutum ne da ya saba amsawa bai duba ba.

"Na yarda! Ɗauki!"

Zunaira ta yi atishawa ta zube. Gumi ya karyo mata, zazzaɓin ya sauka, ta buɗe ido.

Shafqat ya ji kukan matarsa. Ya ji kiran isha, ya ji babur yana wucewa a lungu. Zunaira ta miƙo masa hannu, bakinta yana motsi.

"Me take cewa?"

Kausar ta zuba masa ido. "Abbu take cewa. Tun ɗazu take kiranka."

Har yau kunnen da ya ƙi jin ƙararrawa yana jin komai a duniya, ban da muryar 'yarsa.