Agogon da Ya Shiga da Sunan Baba

Gab da magariba Auta ya kafe babur ɗinsa a ƙofar ƙaramin asibitin da yayarsa ke aikin jinya. Batirin sola kawai zai duba ya wuce. Shi ne mai kula da na'urorin wurin, shi ya haɗa su da hannunsa, kuma ba ya gajiya da faɗa wa mutane haka.

Asibitin ba likita. Likitan yana can birni, yana duba marasa lafiya ta kwamfuta. Masu ciwon zuciya ana ɗaura musu wani agogo su koma gida, agogon ya riƙa aiko bugun zuciyarsu. In bugun ya rikice, ko agogon ya yi shiru, ƙararrawa ta kaɗa, birni su saki mota. Ba ƙararrawa, ba mota. Mahaifinsu ma yana ɗaure da irin agogon, ga shi shi kaɗai a gidan gona bayan tsauni, taurin kai ya hana shi dawowa cikin mutane.

"Yaya, kin ji daga Baba? Tun azahar wayarsa ba ta shiga."

"Kai dai akwai matsoraci," in ji ta, tana naɗe bandeji. "Sabis ne ya ɗauke a wajensu, iska ta kayar da dogon ƙarfensa. Dubi nan."

Ta nuna masa allon kwamfuta. Ga sunan Baba, ga koren layi yana tsalle a natse.

"Zuciyarsa ta fi tawa lafiya."

Auta ya yi murmushi. Sai murmushin ya tsaya.

"Yaya, in babu sabis a can, ta ina yake aikowa?"

Bandejin ya suɓuce daga hannunta.

Ya ja kujera ya duba. Agogon Baba ya fita daga layi tun azahar. Abin da ke aiko bugu da sunansa ba daga nesa yake ba. A cikin ginin nan yake.

Ya san ƙofar da aka bi. Agogunan duk da lambar sirri ɗaya suka zo daga kamfani, kullum yana cewa gobe zai canza. Na waɗanda suka rasu kuwa, in an dawo da su, sai a watsa a kwali a sito ba tare da an goge su ba. Kowanne ya farka zai iya shiga da sunan kowa. Amma batirinsu ya daɗe da mutuwa. Kuma agogo ba ya ƙirga bugu sai a kan fata.

Ya kori baƙon agogon daga layi. Ya dawo. Ya sake korar sa. Ya dawo.

Yaya ta kira birni. Aka ce mata su a wajensu lafiya lau suke gani, motar kuma tana wani aiki.

"Sai an kashe shi da hannu," Auta ya ce a hankali. "In ya mutu, ƙararrawa za ta tashi."

Sito yana ƙarshen baranda. Kwan fitilarsa ya ƙone tun bara. Ya tura ƙofar, ta yi ƙara kamar tsoho na nishi.

Warin magani. Warin tsohuwar katifa. Ƙarƙashinsu kuma, ƙanshin ƙasar da aka tona yanzu.

Bai kunna fitilar waya ba, don akwai haske. Ɗan kore, yana ƙyaftawa ta bakin kwalin.

Wani yana numfashi.

Ya riƙe nasa don ya tabbata. Numfashin ya ci gaba.

Ya durƙusa. Ya zura hannu cikin agogunan. Ya taɓa mai hasken, ya ja.

Bai taso ba. A ɗaure yake.

A hannun mutum.

Fatar sanyi ƙalau. Yatsu suka juyo suka kama wuyan hannunsa.

"Bar ni," wata murya ta raɗa masa a kunne. "Ranar da nawa ya yi kuka, ba wanda ya zo. Yau ana kallona."

Bugun zuciyarsa ya fara ja baya, yana bin ƙyaftawar hasken. Addu'ar da ya iya tun yana yaro ta ɓace masa.

Fuskar Baba ce ta faɗo masa.

Ya sa haƙori ya ciji igiyar agogon. Ɗanɗanon ƙasa ya cika masa baki. Ta tsinke. Ya maka agogon da bango.

Duhu.

Can gaba ƙararrawa ta ɓarke. Yaya ce ta jawo shi waje ta kwalar riga, tana kiran sunan Allah.

Ba su jira mota ba, babur suka hau. Sun tarar da Baba kwance a bakin ƙofarsa, takalmi ɗaya a ƙafa, agogonsa na ƙyafta ja. Jikinsa bai gama hucewa ba. Wannan ɗumin shi ne abin da Auta bai taɓa yafe wa kansa ba.

Bayan kwanakin zaman makoki ya canza lambar kowane agogo, ya goge duk na cikin kwalin. Shatin yatsu a wuyan hannunsa bai ɓace ba, shi ya sa yanzu ba ya sa riga mai gajeren hannu.

Agogo ɗaya ne bai goge ba, na Baba. Yaya ta hana, ta kulle shi a durowarta, batirinsa a cire.

Da magariba koren layi yakan taso a ƙarƙashin sunan Baba. Yaya takan ajiye aikinta ta zauna tana kallo, hawaye na zuba. Auta ya san yadda zai kashe shi. Yakan tsaya a bayanta, hannunsa a aljihu, shi ma yana kallo.